Tambayoyi da amsoshi: me ya sa ƙananan motoci suka daina zama ƙanana?

Duk wanda ya daɗe yana harka da motoci, direba ne ko bakanike ko dillali, ya san abin da ake cewa ƙaramar mota yau ba shi ake cewa ƙaramar mota shekara talatin ko arba'in baya ba. Sunan dai yana nan, Golf tana nan Corolla tana nan, amma jikin ya kumbura, nauyi ya ƙaru, taya ta yi faɗi, kuɗi kuma ba a magana. Ga tambayoyin da mutane suka fi yi a kan wannan lamari da amsoshinsu.

Wai da gaske sun ƙara girma ne, ko dai ido ne kawai?

Da gaske ne, kuma da tef ana iya aunawa. Ɗauki Volkswagen Golf ta farko da ta fito a 1974, tsawonta wajen mita 3.7 ne, faɗinta mita 1.61, nauyinta kilo 800 ko ƙasa da haka kaɗan. Golf ta takwas da ta fito a 2019 tsawonta mita 4.28, faɗi mita 1.79, nauyi kuma ya haura kilo 1,250 ko a mafi sauƙinta, kaga an ƙara mata sama da rabin mita a tsawo da kusan rabin tan a nauyi kenan.

Toyota Corolla ta 1966 mita 3.85 ce, kilo 700 da ɗan abu, da ɗan injinta mai lita 1.1. Corolla mai but ta yanzu mita 4.63, nauyinta tsakanin kilo 1,300 da 1,400, wato ta kusa ninka uwarta. Mini ta Ingila wadda Alec Issigonis ya zana a 1959 mita 3.05 ce kacal, wajen kilo 600, tayarta inci 10, amma yanzu akwai mota mai ɗauke da sunan Mini, Countryman, da ta wuce mita 4.4. Fiat 500 ta 1957 ko mita uku bata cika ba kuma nauyinta wajen kilo 500 ne, wadda aka dawo da ita a 2007 ta kai mita 3.55 nauyinta kuma ya kusa ninki biyu.

Abin da ma zai fi shiga kan namu mutanen shi ne Golf 3, wannan dai da ta sha lodi a hanyoyin Arewa har yau bata huta ba. Mai gajeren baya ɗin tsawonta mita 4.02 ne. To Polo ta yanzu, wadda ita ce ƙanwar Golf a gidan Volkswagen, ta fi Golf 3 tsawo kuma ta fi ta faɗi. Ƙanwa ta yau ta wuce yayar jiya.

To idan aka gwada da Fijo 504 fa, da muke ɗauka babbar mota ce?

Corolla ta yanzu ta fi ta. 504 salun da aka riƙa haɗawa a Kaduna tun 1975 tsawonta mita 4.49 ne, faɗinta mita 1.69, nauyinta wajen kilo 1,200. Motar manyan ma'aikata ce a lokacin, motar da in ta tsaya a ƙofar gida yara ke fitowa kallo. Yau Corolla da ake lissafawa a matsayin motar mai ƙaramin ƙarfi ta ɗara ta tsawo da santimita 14, faɗi da santimita 9, kuma ta fi ta nauyi.

Amma wanda ya zauna a cikin duka biyun zai ce maka 504 ta fi sakewa a ciki, kuma bai yi ƙarya ba. Girman da aka ƙara yawanci ba cikin ɗaki ya shiga ba, cikin jiki ya shiga. Ka buɗe ƙofar 504 ka duba kaurinta sannan ka buɗe ta sabuwar mota, zaka ga ta sabuwar ta cika hannu, kujerun sun yi kauri, dashbod ya miƙo har kusan gwiwarka, ginshiƙan da ke riƙe da rufi sun yi faɗi, gilasai sun ƙanƙance.

Ina duk wannan nauyin ya fito?

Daga wurare da yawa, kowanne ya kawo nasa 'yan kilo har suka taru.

Mafi girma shi ne kariya daga haɗari. A 1997 aka fara wani shiri a Turai mai suna Euro NCAP, su sayi sabuwar mota su buga ta da bango da gangan da gunkin mutum a ciki, su auna abin da zai samu mutum, su ba ta taurari, su buga sakamakon kowa ya gani. A zagayen farko wata ƙaramar motar Ingila, Rover 100, ta samu tauraro ɗaya tak, ciniki ya faɗi, ba a jima ba aka daina yin ta gaba ɗaya. Daga nan duk kamfanoni suka shiga taitayinsu, don ba wanda yake son a nuna motarsa a talabijin ta murƙushe sitiyari ya shige ƙirjin direba. Sai aka fara saka sandunan ƙarfe a cikin ƙofofi saboda bugun gefe, aka ƙarfafa ginshiƙai saboda in mota ta wuntsila rufi kar ya danne mutane, aka ƙara tsawon gaba don ya samu wurin lanƙwashewa, aka saka iyabag, wato jakar iskar da ke kumbura lokacin haɗari ta tare mutum, da farko ɗaya a sitiyari, yanzu shida ko fiye a mota guda. Amurka ta wajabta iyabag biyu na gaba tun ƙarshen shekarun 1990. Turai kuma daga 2005 ta kawo dokar kare masu tafiya a ƙasa, wadda ke son a bar tazara tsakanin bonet da injin yadda in an buge mutum kansa bazai daki ƙarfen injin kai tsaye ba, shi ya sa hancin motocin yanzu ya tashi sama ya yi ƙato.

Sai dokar hayaƙi. Wannan abin tace hayaƙi da ke cikin salansa da bakanikai ke cewa indomi, da na'urorin da ke auna iskar hayaƙi, da matatar toka ta motocin dizal, duk ƙari ne da babu shi a motar 1974.

Sai jin daɗi, kuma a nan mu masu saye muna da hannu. Esi da kwamfiresonsa, fawa sitiyari, gilashi mai tashi da maɓalli wanda kowace ƙofa sai an saka mata ɗan injinta, kujera mai motsi da lantarki, giya otomatik wadda ta fi ta hannu nauyi, lasifikoki, allon dashbod, kyamarar baya, ga tabarmin hana ƙara da ake shimfiɗawa a ƙasan mota da cikin ƙofofi don kar ka ji kukan injin da na taya. Wayoyin lantarki kaɗai da ke cikin motar zamani in aka zaro su aka tara ɗauri ne guda mai nauyi.

Kuma nauyi yana jawo nauyi, wannan shi ne abin da mutane ba sa lura da shi. In ka ƙara wa jiki kilo ɗari dole ka ƙara girman burki don ya iya tsayar da ita, babban burki yana son babban rim, babban rim yana son faffaɗar taya, sai shokozoba mai ƙarfi, sai injin da zai ja duk wannan, sai babban lagireto da zai sanyaya injin. Golf ta farko taya inci 13 take sawa, ta yanzu daga 15 ko 16 take farawa har 18 da 19.

Amma ai tsofaffin motoci sun fi ƙarfe, na yanzu ana taɓa su sai su lotse, ta yaya za a ce sun fi nauyi da ƙarfi?

Wannan maganar ana yawan jin ta a gareji, kuma ina son a fahimce ta da kyau saboda rai ne a ciki. Fatar waje daban, ƙashin ciki daban. Gaskiya ne bamba ta yanzu roba ce kuma fenda ta yi laushi, amma da gangan aka yi hakan, an tsara gaba da baya su naɗe su shanye ƙarfin bugu, ɗakin da mutane ke zaune kuma aka yi shi da ƙarfe mai tauri sosai don kar ya motsa. A tsohuwar mota akasin haka ne, bamba ta ƙarfe zata tsira a ƙaramin karo, amma a babban karo duk ƙarfin sai ya wuce ya tarar da mutum, injin ya shigo kan ƙafafu, ƙofa ta ƙi buɗuwa.

A 2009 cibiyar IIHS ta Amurka mai binciken tsaron motoci ta haɗa Chevrolet Bel Air ta 1959, ƙatuwar mota mai bamba ta ƙarfe, gaba da gaba da Chevrolet Malibu ta 2009. Ɗakin tsohuwar ya ruguje a kan gunkin direba, na sabuwar kuwa ya tsaya kusan yadda yake. Don haka in fanalbita ya ce maka motar yanzu gwangwani ce, ta fuskar aikinsa yana da gaskiya tunda gyaran lotsewa ya yi yawa, amma ta fuskar wanda ke ciki lokacin haɗari wannan lotsewar ita ce ta cece shi da ikon Allah.

Kenan duk saboda tsaro ne, babu laifin kowa?

A'a wallahi, kuma a nan ne nake ganin ana ɓoyewa a bayan kalmar tsaro. Nauyin da ya shiga ƙofofi da ginshiƙai da iyabag halal ne, ba mai hankalin da zai ce a cire. Amma tsaro bai ce a ɗaga mota sama a mai da ita jif ba, bai ce a saka mata rim inci 19 ba, bai ce kowace sabuwar fitowa sai ta fi wadda ta gada tsawo ba.

Kamfani ya fi samun riba a babbar mota, magana ta ƙare. Kuɗin zane da gwaji da na'urorin da doka ta wajabta kusan ɗaya ne ko motar ƙarama ce ko babba, amma babbar ana sayar da ita da tsada sosai, to sai su ɗauki ƙasan ƙaramar mota su ɗora mata dogon jiki su kira ta jif su ƙara kuɗi. Ford Puma a kan ƙasan Fiesta aka gina ta, kuma a watan Yulin 2023 Ford ta rufe yin Fiesta ɗin kanta bayan shekara 47, Puma ta ci gaba. A 'yan shekarun nan Peugeot 108 da Citroën C1 da Volkswagen up! duk sun tafi, Toyota Aygo kuma aka ɗaga ta aka mai da ita Aygo X.

Dokokin ma sun taimaka wajen ɓata abin. A Amurka ƙa'idar shan mai da ake ɗora wa kamfanoni tun wajen 2011 tana bin faɗin filin da ke tsakanin tayoyin mota ne, mota mai babban fili ana sassauta mata, kaga an ba kamfani dalilin faɗaɗa mota kenan. A Turai ƙa'idar hayaƙi ta yi shekaru da yawa tana bin nauyi, a lokacin kamfanin da motocinsa suka fi nauyi ana ɗaga masa ƙafa. Sai kuma tsoro, mutum ya ga duk maƙwabtansa a kan titi sun hau manya shi yana ƙasa yana kallon bambarsu, shi ma sai ya nemi babba, haka abin ke ta hawa.

Tunda sun fi nauyi, sun fi shan mai kenan?

Ba lallai ba, don injin ya ci gaba sosai. Allurar mai, wato injekta, ta maye gurbin kafireto, kwamfuta na auna kowane ɗigo, jiki ya yi sumul iska na zamewa, giya ta ƙaru daga huɗu zuwa shida ko fiye. Golf GTI ta 1976 da ake ji da ita a matsayin motar gudu ƙarfin doki 110 gare ta, Golf ta takwas ta gama-gari mai ɗan injin lita ɗaya da turbo ta ba da wannan ƙarfin kuma bata sha kamar waccan.

Abin takaicin shi ne da an bar nauyin a inda yake, da wannan ci gaban ya koma aljihun mai mota gaba ɗaya. Wani kaso mai yawa na ƙoƙarin injiniyoyi ya tafi ne wajen jan kilo ɗari huɗu ko biyar na ƙari. Kuma nauyi ya fi cin mai a cikin gari, inda ake tashi ana tsayawa, duk tashi ɗaya sai injin ya tunkuɗa nauyin daga tsaye, duk taka burki kuma wannan man ya tafi a banza. A doguwar hanya iska ce ta fi cin mai, nan kuma tsayi da faɗin jif ne ke cutarwa.

Motocin lantarki fa?

Sun ƙara dagula lissafin nauyi, batir ne. Peugeot 208 mai fetur tana wajen kilo 1,100, mai batir ɗinta ta haura 1,450, jiki ɗaya kujeru ɗaya. Fiat 500 mai lantarki ta kai wajen kilo 1,300. Amma akwai Dacia Spring da ta tsaya a ƙasa da tan ɗaya saboda an haƙura da ƙaramin batir na zirga-zirgar gari.

Babbar mota ba ta fi tsaro ba? Ni dai iyalina nake ji.

Ga wanda ke cikinta, in ta yi karo da ƙarama, eh ta fi. In mota mai kilo 800 ta yi gaba da gaba da mai kilo 1,600, girgizar da mutanen ƙaramar zasu sha ninki biyu ce ta waɗanda ke babbar. Ba wanda zai ga laifin uba don ya yi wannan tunanin.

Sai dai tsaron da ka samu daga jikin wani aka yanko shi. Mai ƙaramar mota, mai babur, mai Keke Napep, yaro ɗan makaranta da ke tsallaka titi, duk haɗarinsu ya ƙaru. Mota mai hanci ƙasa-ƙasa in ta bugi baligi a ƙafa take samunsa ya faɗo kan bonet, wadda hancinta ya tashi sama kuwa a ƙugu ko ƙirji take dukansa ta tura shi ƙasa, yaro kuma a kai. Binciken IIHS na 2023 ya nuna motocin da hancinsu ya wuce inci 40 daga ƙasa sun fi masu inci 30 ko ƙasa yiwuwar kashe mai tafiya a ƙasa da wajen kashi 45 cikin ɗari. Ga kuma kaurin ginshiƙin gaba da ke ɓoye mai babur ɗungurungum a kwana, duk direban da ya koma sabuwar mota daga tsohuwa ya san yadda sai ya riƙa leƙawa ta gefen ginshiƙin kafin ya shiga shataletale. A garuruwanmu da yawancin mutane a ƙasa suke ko a kan babur, wannan ba ƙaramar magana bace.

Nauyin nan yana lalata titi?

Kaɗan ƙwarai in aka gwada da tirela. Ɓarnar titi tana hawa ne da nauyin da ke kan kowane gatari kuma tana hawa da sauri sosai, tirela ɗaya mai lodi fiye da ƙa'ida ta fi dubban ƙananan motoci ɓarna. Inda nauyin ƙaramar mota ke nuna kansa shi ne a taya da burki da ƙafafun motar kanta.

Faɗi shi ne ya fi damun gari. Ƙungiyar Transport & Environment mai bincike kan sufuri da muhalli ta fitar a farkon 2024 cewa sababbin motoci a Turai suna ƙara faɗin santimita ɗaya duk shekara biyu, matsakaicin faɗi ya wuce santimita 180. Titi da wurin fakin da gareji kuwa suna nan yadda aka gina su. Mai gidan da ya gina garejinsa daidai 504 ko Bitil yau sai ya naɗe madubi kafin ya shiga, in ya shiga kuma ƙofa ta ƙi buɗuwa sosai sai ya fito a karkace yana goga riga da bango. Lungunan cikin birni kuwa da ma can ba don mota aka yi su ba.

Akwai ƙasar da ta taka wa abin burki?

Japan ce kan gaba. Suna da rukunin motoci da suke kira kei tun 1949, kuma ƙa'idar yanzu da aka kafa a 1998 ta ce tsawo kar ya wuce mita 3.4, faɗi mita 1.48, injin cc 660. Wanda ya sayi irinta yana biyan haraji da inshora mai sauƙi, shi ya sa sama da kashi ɗaya cikin uku na sababbin motocin ƙasar irin su ne, kuma suna da esi da iyabag da komai. Su ma sun ɗan girma a hankali, da can injinsu cc 360 ne, amma doka ce ke cewa ga iyaka. Indiya tun 2006 take rage haraji ga motar da bata wuce mita huɗu ba, shi ya sa zaka ga motocinsu da yawa sun tsaya a mita 3.99 cif. A Faris kuma a watan Fabrairun 2024 aka kaɗa ƙuri'a aka ninka kuɗin fakin sau uku ga manyan motocin baƙi masu shigowa gari, masu fetur ko dizal da suka wuce tan 1.6 da masu lantarki da suka wuce tan 2.

Za a iya yin mota mara nauyi kuma mai tsaro?

Ana iyawa in an so. Golf 7 ta 2012 ta sauke har kilo 100 daga wadda ta gada, Peugeot 208 ta farko ta fito ta fi 207 gajarta da sauƙi, Suzuki Swift ta 2017 mafi sauƙinta bata kai kilo 900 ba, da ƙarfe mai tauri amma siriri aka yi wannan. Amma a yi hattara, akwai rashin nauyi na gwaninta akwai na rowa. Tata Nano ta Indiya kilo 600 da ɗan abu ce, a gwajin karo na Global NCAP, mai kama da Euro NCAP, na 2014 ko tauraro ɗaya bata samu ba. Kuma suna ɗaya baya nufin mota ɗaya, wani lokaci wadda ake kaiwa Turai da wadda ake kaiwa ƙasashe masu tasowa sun bambanta a yawan iyabag da ƙarfin jiki.

Mu da yawanci tokumbo muke saye, ina ruwanmu da wannan?

Ruwanmu ne tsundum, don abin da Turai da Amurka suka saya sabo yau shi ne zai sauka a Kwatano da Legas nan da shekara goma ko sha biyar. In sun daina yin irin su Fiesta da Starlet da ƙananan Fijo, mu ma zamu wayi gari babu su a kasuwa, sai manya masu faffaɗar taya da na'urori barkatai, a ƙasar da tun cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kowa lita yake lissafawa. Ɗan tasi da malamin makaranta da ke neman 'yar motar kai yara su ne zasu fi ji a jikinsu, kuma ba wanda ya tambaye su.

In zaka saya yanzu, buɗe ƙofar direba ka duba 'yar takardar da ke manne a jikin ginshiƙi, akwai lambar taya da iskar da ya kamata a ba ta da iyakar nauyin da motar zata ɗauka. Ka je wajen mai taya ka tambayi kuɗin wannan lambar guda huɗu kafin ka biya kuɗin mota, don bambancin inci 15 da inci 18 kuɗi ne mai yawa, kuma taya mai gajeren gefe a kan babban rim bata jure ramukanmu, rami ɗaya sai ta yi ƙulu ko rim ya lanƙwashe. Ka auna ƙofar gidanka da garejinka da tef, ka haɗa da madubai. Ka sa a duba ko iyabag ɗin suna nan ba a cire an rufe wurin ba, ka kunna mota ka ga fitilar iyabag ta kama sannan ta mutu da kanta, don in an cire su to nauyin kawai ka saya babu kariyar. Lodi kuma a bi abin da takardar ta ce, motar da ita kanta ta kai kilo 1,400 yawanci abin da ya rage mata na mutane da kaya bai wuce kilo 400 zuwa 500 ba, manya biyar da buhun shinkafa biyu sun cinye shi.